Akwatia: garin lu'ulu'u da baƙin da suka raya shi

Idan aka ambaci cinikin Hausawa a ƙasar Gana, goro ne ke fara zuwa a rai, da hanyar Gwanja da kasuwar Salaga. Amma a ƙarni na 20 an samu wata haja da ta ja baƙi zuwa kurmin ƙasar Akim, hajar da mutum zai ƙulle dukiyar shekara guda a bakin zane: lu'ulu'u.

A 1919 ne ma'aikatan binciken ma'adinai na Turawan mulkin mallaka, ƙarƙashin Albert Kitson, suka gano lu'ulu'u a kwarin kogin Birim. A 1924 aka kafa kamfanin Consolidated African Selection Trust, wanda aka fi sani da CAST, ya kafa sansani a Akwatia. A nan ba ya buƙatar rami mai zurfi irin na Kimberley a Afirka ta Kudu, domin yana cikin tsakuwar da ruwa ya shimfiɗa. A kwashe ƙasar sama, a ɗebo tsakuwa, a wanke, a tankaɗe, sannan a tsince da ido. Galibinsa ƙanana ne, waɗanda masana'antu ke amfani da su wajen yanka da huda, ba na kwalliya ba. Saboda haka ribarsa tana ga yawa. Wajajen 1960 ƙasar tana fitar da kimanin karat miliyan 3 a shekara, karat biyar kuwa su ne giram ɗaya.

Sauƙin haƙar shi ya buɗe wa talaka ƙofa. Ban da kamfani, dubban mutane sun shiga daji da shebur da rariya, da yawansu baƙi: Yarabawa, Zabarmawa, Hausawa da mutanen arewacin Gana. Zangon Akwatia ya cika, Hausa ta zama harshen ciniki a cikinsa, kamar yadda take a sauran zangunan ƙasar. Tsarin ma ba baƙo ba ne ga wanda ya san fatauci. Mai jari shi ke ciyar da mahaƙa, ya saya musu kayan aiki, da sharaɗin duk abin da aka samu a gare shi za a sayar. Babu takarda, sai amana. In an dace kowa ya dara, in an yi wata uku ba a ga komai ba, bashi ya hau kan mahaƙi.

Gwamnati ba ta taɓa sakin jiki da wannan harka ba, domin abin da ke shiga aljihu ba ya jin tsoron kan iyaka. A 1954 aka buɗe kasuwar lu'ulu'u a Accra don a rage fasa-ƙwauri, bayan samun 'yanci kuma aka kafa hukumar da ta riƙe sayensa. Babban bugu ya zo a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardun zama makonni biyu su bar ƙasar. Mutanen da suka shekara da shekaru a garuruwan haƙa suka sayar da kadarorinsu a wulaƙance, suka kama hanyar Nijeriya da Nijar.

Kamfanin ma bai tsira ba. A 1972 gwamnati ta karɓi kashi 55 cikin 100 na hannun jarinsa, daga baya ya koma hannunta gaba ɗaya da sunan Ghana Consolidated Diamonds. Wurare masu albarka suka ƙare, injuna suka tsufa. A 2006 aka zargi Gana da zama mashigar lu'ulu'un yankin 'yan tawayen Kodibuwa, abin da ya saɓa wa Tsarin Kimberley da ya fara aiki a 2003 don hana cinikin lu'ulu'un yaƙi. Fitarwa ta tsaya na ɗan lokaci, masu saye suka janye, kamfanin ya rufe a 2007. Matasa da yawa suka koma haƙar zinariya ta bayan fage, wadda ake kira galamse, ta kuma gurɓata kogin Birim.

A 2012 Akwatia ta zama hedikwatar gundumar Denkyembour, sunan da ke nufin lu'ulu'u a harshen Twi. Suna ya tabbata a daidai lokacin da arzikin ya ja baya. Goge dutsen da yanka shi, inda ribar gaske take, a Antwerp da Surat ake yi, Akwatia kuwa ramuka aka bar mata. Garuruwan arewacin Nijeriya da ake haƙar zinariya da sauran ma'adinai a yau suna tsaye a inda Akwatia ta tsaya shekaru 100 da suka wuce: ana fitar da ɗanyen kaya, mahaƙi na cikin bashin mai jari, albarkar ƙasa kuwa tana da ranar ƙarewa.