Bazuwar Mazhabobin Musulunci a Sassan Duniya: Waiwaye Cikin Tarihi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya dubi taswirar duniyar Musulmi zai ga cewa kowace mazhaba tana da yankin da ta yi kaka-gida, kuma sau da yawa yankin yana nesa da garin limaminta. Imam Malik ya rayu a Madina har rasuwarsa a 795, amma mafi yawan mabiyansa suna Afirka ta Arewa da ta Yamma. Imam Shafi'i ya rasu a Masar a 820, ga shi Indunusiya ta fi kowace ƙasa yawan mabiyansa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa abubuwa uku ne suka haifar da wannan rabo: fatauci da sarauta da malanta, kuma na ƙarshen ya fi sauran dorewa.

2.0 Mazhabobin Sunni

'Yan Sunni su ne kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na Musulmin duniya, kuma mazhabobinsu huɗu ne.

Hanafiyya ta bunƙasa ne a inuwar fada. Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, shi ne alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Rashid. Daga baya Daular Usmaniyya ta Turkawa ta mai da ita mazhabar hukuma, sarakunan Mughal na Indiya su ma da ita suka yi shari'a. Wannan ne ya sa ta mamaye Turkiyya da Asiya ta Tsakiya da Pakistan da Bangaladash da yawancin Indiya. Hambaliyya ma haka: ƙawancen da aka ƙulla a 1744 tsakanin Muhammad bin Sa'ud da Shaihu Muhammad bin Abdulwahab shi ya ƙarfafa ta a Najadu, har ta zama abin dogaron kotunan Saudiyya.

Shafi'iyya kuwa teku ta bi. Fatake da malaman Yaman, musamman na Hadaramaut, sun riƙa bin iskar da ke kai jiragen ruwa gabas ta kuma dawo da su, suka dasa ta a Somaliya da gaɓar Sawahili da Malaba ta Indiya da Malesiya da Indunusiya.

Malikiyya ta ratsa ta Ƙairawan da ke Tunisiya, inda Sahnun, wanda ya rasu a 854, ya tattara Mudawwana, Ibn Abi Zaid kuma ya wallafa Risala a ƙarni na 10. Murabiɗai sun ƙarfafa ta a ƙarni na 11, sannan ayarin raƙuma ya tsallako da ita Sahara. A ƙarni na 13 har an gina wa ɗaliban Kanem makarantar Malikiyya a Alƙahira. Wangarawa sun iso Kano daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), Shaihu Maghili kuma ya zo a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Tun daga nan Risala da Muhtasar suka zauna daram a zaurukan malaman ƙasar Hausa.

3.0 Shi'a da Ibadiyya

A nan ne ake ganin iyakar ƙarfin sarauta. Kafin 1501 yawancin mutanen Farisa 'yan Sunni ne. A wannan shekara Shah Isma'il ya ayyana Shi'anci mai imamai 12 a matsayin aƙidar daularsa a Tabriz, magadansa kuma suka yi ta gayyato malamai daga Jabal Amil ta Labanan domin karantar da jama'a. Sannu a hankali Iran ta zama cibiyar Shi'a.

Labarin Masar daban ne. Faɗimawa, waɗanda 'yan Shi'a Isma'iliyya ne, sun mulke ta daga 969 zuwa 1171, su ne ma suka gina Azhar. Duk da haka talakawa ba su bar malamansu na Sunni ba, don haka da Salahuddin ya kawar da daular sai aƙidarta ta bi ta.

Ibadawa su ma darasi ne. Fatakensu na Tahart suna cikin Musulmin farko da suka yi ciniki da ƙasashen kudu da Sahara, amma bayan faɗuwar daularsu a 909 ba su bar makarantu a can ba, sai Malikiyya ta gaje fagen. A yau Oman ce matattararsu, sai ƙananan al'ummomi a Mizab ta Aljeriya da tsibirin Jarba da Dutsen Nafusa da Zanziba.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa bafatake yakan buɗe hanya, sarki yakan ba da kariya, amma mazhaba ba ta yin saiwa sai inda malami ya zauna da littafi ya yaye almajirai. Sanin wannan yana da amfani ga al'ummar da ta sha jayayya a kan sadalu da ƙabalu. Mahajjacin Kano da ya tarar da Baturke ko mutumin Jakarta yana salla da ɗan bambanci da tasa, abin da ya gani shi ne sawun wata hanya da ilimi ya bi ya isa wata ƙasa, kamar yadda ya bi ta Ƙairawan da Mali ya iso tasa.