Daga Zaren Zinare zuwa Dashen Yini Guda: Waiwaye a kan Tarihin Cike Giɓin Haƙori

Ya ɗan'uwa mai karatu, a yau ina so mu waiwayi tarihin wata ni'ima wadda mutum bai cika sanin darajarta ba sai ranar da ya rasa ta, wato haƙori. Dalilin wannan rubutu shi ne tallar da ta yawaita, inda ake cewa mutum zai shiga asibiti da giɓi da safe, ya fito da cikakkun haƙora kafin magariba. Tambayoyi biyu ke bin wannan talla: shin gaskiya ne, kuma shin ya halatta? Ni a ganina, sanin yadda aka faro shi ne zai sauƙaƙa mana amsa duka biyun.

Neman maye gurbin haƙori tsohon al'amari ne. Mutanen Etruriya, a ƙasar Italiya ta yau, sun riƙa haɗa haƙoran aro da na gaske da ɗan siririn zinare tun ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1931 kuma, Wilson Popenoe da matarsa suka tono wani muƙamuƙi na mutanen Maya a ƙasar Honduras, wanda aka ƙiyasta shekarunsa zuwa wajen shekara ta 600 Miladiyya, an kafa masa gutsattsarin ɓawon katantanwar ruwa guda 3 a gurbin haƙoran gaba na ƙasa. Da farko an zaci bayan mutuwa aka saka su, sai a 1970 wani masani mai suna Amadeo Bobbio ya ɗauki hoton ƙashin, ya ga sabon ƙashi ya tsiro a gefen ɓawon, abin da ke nuna cewa mai bakin yana da rai aka yi aikin.

A ɓangaren Musulunci, asalin da malamai suka dogara da shi shi ne ƙissar Sahabi Arfaja ɗan As'ad (RA), wanda aka sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa aka ƙera masa hanci na azurfa, sai ya yi wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya yi na zinare. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito wannan, kuma Imam Tirmizi ya ƙara da bayanin cewa an samu wasu daga ma'abota ilimi sun ɗaure haƙoransu da zinare. Duba fa, zinare haramun ne namiji ya yi ado da shi, amma da lalura ta zo sai shari'a ta buɗe ƙofa. Daga nan ne malamai suka bambance tsakanin mayar da abin da ya lalace, wanda magani ne, da kuma goge lafiyayyun haƙora don ƙirƙirar wushirya saboda ado, wanda hadisi ya yi hani a kansa.

A Andalus ne wannan fatawa ta haɗu da gwanintar hannu. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu a wajen 1013, ya keɓe kashi na 30 na littafinsa At-Tasrif ga aikin tiyata. A ciki ya bayyana yadda ake saƙa zare tsakanin haƙoran da ke girgiɗi da masu ƙwari, kuma ya fifita zaren zinare a kan na azurfa saboda azurfa tana sauya launi ta lalace a cikin baki, wato dai darasin hancin Arfaja. Ya kuma ambaci mayar da haƙorin da ya fita cikin gurbinsa a ɗaure, da sassaƙa haƙori daga ƙashin sa. Gerard na Cremona ya fassara wannan kashi zuwa Latin a ƙarni na 12, Turawa suka yi ƙarnuka suna karatu a cikinsa.

Amma tarihi yana da shafinsa na baƙin ciki. A Ingila ta ƙarni na 18, lokacin John Hunter, masu hali sun riƙa sayen lafiyayyun haƙoran talakawa, har da na yara, a cire daga wannan baki a dasa a wancan nan take. Wannan ma dashen yini guda ne, sai dai haƙoran ba su cika daɗewa ba, kuma wasu sun kwashi ciwon tunjere ta wannan hanya. Bayan yaƙin Waterloo na 1815 kuwa, haƙoran gawarwakin sojoji sun shiga kasuwa ana jera su a cikin haƙoran aro. Subhanallah! Ilimin da babu tsoron Allah a cikinsa, mai rauni ne yake biyan kuɗinsa.

Juyin da ya haifar da dashen zamani ya fara ne a Suwidin a 1952. Wani likita mai suna Per-Ingvar Branemark yana binciken gudanar jini a cikin ƙashin zomo, ya kafa wata 'yar na'ura ta ƙarfen titaniyam, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya rungume ƙarfen ya ƙi saki. A 1965, a birnin Gothenburg, ya kafa irin waɗannan ƙusoshi guda 4 a muƙamuƙin ƙasa na wani mutum mai suna Gosta Larsson, wanda ya ci gaba da amfani da su har rasuwarsa a 2006. Duniya ba ta karɓi wannan aiki sosai ba sai bayan taron Toronto na 1982. Sharaɗin Branemark kuwa haƙuri ne: a binne ƙusa a ƙarƙashin dasashi, a jira kamar wata 3 a muƙamuƙin ƙasa, wata 6 a na sama, kafin a ɗora haƙori.

To, ina maganar yini guda ta samo asali? A 1976, Willi Schulte na jami'ar Tubingen a Jamus ya gabatar da dashe a cikin ramin haƙori da zarar an cire shi. A 1979, Philippe Ledermann a Suwizalan ya nuna cewa idan aka haɗe ƙusoshi da sandar ƙarfe, ana iya ɗora musu haƙora ba tare da dogon jira ba. A 2003 kuma, Paulo Malo na Fotugal da abokan aikinsa suka wallafa tsarin ɗora jerin haƙoran muƙamuƙi guda a kan ƙusoshi 4. Abin da aka fahimta shi ne, motsi ne abokin gabar dashe: idan ƙusa ta kafu daram tun ranar farko, ƙashi zai kama ta, idan kuwa tana girgiɗi, sai tsoka mai laushi ta kewaye ta, aikin ya rushe.

Saboda haka tallar tana da gaskiya, amma da saura. Haƙorin da ake ɗorawa a ranar farko galibi na wucin gadi ne, ba a tauna abu mai tauri da shi, na dindindin sai bayan watanni, domin ƙashi bai sauya ɗabi'ar da Allah Ya halicce shi a kanta ba. Kuma ba kowa ne ya dace da wannan hanya ba. Mai ƙarancin ƙashi, da mai shan taba, da mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai ciwon dasashi, duk haɗarin lalacewar aikin ya fi yawa a gare su.

Ta fuskar hukunci, titaniyam ba zinare ba ne, ba azurfa ba, don haka wancan takunkumi bai shafe shi ba, kuma cike giɓi yana cikin babin neman magani. Abin da nake jan hankalin ɗan'uwa a kai shi ne, idan ƙashi ya gaza, likitoci kan yi ciko da wani gari wanda sau da yawa daga ƙashin shanu ake sarrafa shi, su rufe da wani ɗan tantani wanda wani nau'insa daga alade yake. Akwai madadin da ba na dabba ba, saboda haka a tambayi likita kafin aiki, a kuma kai amsar gaban malami masani.

Daga ƙarshe, haƙorin dashe ba ya cin kogo, amma dasashin da ke kewaye da shi yana kumbura, ƙashi ya zaizaye, idan aka yi sakaci da tsafta. Ke nan sunnar asuwaki da wanke baki tana nan a kan mai dashe kamar yadda take a kan wanda haƙoransa 32 suke cif. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gode wa ni'imominSa tun suna hannunmu. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum.