Asusun da Ya Yi Barci a Landan

Na fara aiki a teburin kuɗin ƙasashen waje na wani banki a Kano a shekarun 1980, lokacin da injin teleks ke ta ƙara a ɗakin baya kamar keken tela. Guzurin matafiyi a wancan zamanin, alhaji ne ko ɗalibi, cekin matafiya ne na Thomas Cook ko American Express. Zai sa hannu a kowace takarda a gabanmu, hannu na biyu kuwa sai ya isa Jidda ko Landan. In sun yi daidai, a biya shi. Alhazai da yawa da ajami suke rattaba suna, sai mu ce, "Alhaji, yadda ka rubuta nan haka za ka rubuta can, kada ka ƙara ko ɗigo."

Waɗanda suka yi karatu a Ingila kuwa, da wuya ka ga wanda bai baro asusu a can ba, da ɗan ragowar kuɗin karatu a ciki. Lokacin da naira ke da ƙarfi ba wanda ya waiwaye shi. Amma da aka buɗe kasuwar canji ta SFEM a 1986, naira ta fara gangarawa, sai ga malaman jami'a da tsofaffin ma'aikata suna zuwa da littafin cek da ya yi ja don tsufa. Aikin bai da wuya. Mu buga wasiƙa, mai asusu ya sa hannu, can su gwada da katin da ya cike yana saurayi, bayan 'yan makonni kuɗi su faɗo a asusunsa na kuɗin waje, irin wanda dokar 1985 ta halatta buɗewa a nan gida.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001 ne ƙofa ta fara ƙunci. Sa hannu ya daina isa. Sai an ga fasfo, an ga shaidar adireshi, an ji inda kuɗin suka fito. Da Amurka ta ci bankin HSBC tarar kusan dala biliyan 1.9 a 2012, bankunan Turai suka shiga lissafi, suka ga mai fam ɗari biyar da adireshin Zariya ɗawainiyarsa ta fi ribarsa. Wasu aka rufe musu asusu. Wasu kuma wasiƙa aka aika gidan hayar da suka bari shekaru da yawa, ta dawo ba a buɗe ba, aka daskarar da asusun.

Mutane kan ɗauka daga nan kuɗin sun bi ruwa. Ba haka ba ne. Dokar Birtaniya ta 2008 ta ce asusun da ya shekara 15 ba a taɓa ba ana iya miƙa kuɗinsa ga asusun Reclaim Fund, wanda ya fara aiki a 2011, a yi ayyukan jama'a da su, amma haƙƙin mai kuɗi na nan ko bayan shekara nawa ya zo. Akwai ma hanyar bincike kyauta, My Lost Account. Mu ma a nan Babban Banki ya tsara a 2024 cewa kuɗin da suka shekara 10 a kwance su koma hannunsa ajiya. Inda gizo ke saƙar shi ne ka tabbatar kai ne kai.

Wani dattijo ya same ni bayan na yi ritaya, da takardu a tsohuwar ambulan. A littafin cek sunansa Mohammed, a sabon fasfo Muhammad, a takardar firamare Mamman. Ranar haihuwa iri biyu, domin ta farko hedimasta ne ya ƙiyasta masa. Hannu kuma ya fara rawa. Ya ce, "Ɗana, yanzu sai na rantse a kotu cewa ni ne ni?" Na ce, "Baba, har da hatimin lauya." Mun kusa shekara muna musayar wasiƙu kafin a biya shi. Da rasuwa ya yi, da magada sun fi shan wuya, don yawancinsu ba su ma san da asusun ba.

Katin banki ya kashe cekin matafiya, muka yi murna, duk da a 2022 bankunanmu sun rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya, matafiya suka koma Wapa wurin 'yan canji suna cusa dala a lalita kamar kakanninsu. Yanzu layin waya ne ya gaji sa hannu. Banki zai turo lambar sirri ta saƙo, in layin ya mutu ko kamfani ya sayar wa wani, kai da kuɗinka sai kallo.

Ni da na shekara talatin ina yi wa mutane gargaɗi, a Madina abin ya same ni. Na zo biyan kuɗin masauki da katin dala, aka ce an tura lamba wayata. Layin kuwa na cire shi na bari a aljihun tebur a Kano don kada ya ɓata. Wani alhaji da na taɓa koya wa sa hannu ne ya ranta mini riyal.