Daga Ɗakin Bincike Zuwa Damtsen Yaro: Yadda Lasisin Magunguna Ya Samo Asali

Da wuya ka sami babbar jami'a a Amurka ko Ingila a yau wadda ba ta da ofishi na musamman da ke tattara abubuwan da malamanta suka gano a fannin lafiya, ya yi musu rajistar mallaka, sannan ya fitar da jerinsu ga kamfanonin da ke bukata. A cikin jerin akwai sababbin magunguna, da na'urorin gwajin jini, da ƙwayoyin halittar da ake renonsu a ɗakin bincike, har da ɓerayen da aka sauya wa halitta domin gwajin magani. Jami'a ba ta cika sayar da waɗannan abubuwa ba. Lasisi take bayarwa, kamar mai gonar da ya ba da hayarta: wani ne zai noma, amma gona tana nan ta mai ita, kuma shi ke gindaya sharuɗɗa. Waɗannan sharuɗɗa su ke yanke hukunci ko magani zai iso asibitin ƙauye a Katsina ko Maraɗi, ko zai tsaya a hannun masu hali.

Al'amarin ya daɗe. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fara aikin da ya kai ga gano insulin a Jami'ar Toronto ta Kanada, James Collip kuma ya tace shi har ya dace a yi wa ɗan Adam allurarsa. Kafin nan, yaron da ciwon suga mai tsanani ya kama ba ya yin nisan kwana. A Janairun 1923 su ukun suka miƙa wa jami'ar haƙƙin mallakar abin, kowannensu ya karɓi dala 1. Jami'ar ta riƙe haƙƙin domin kada wani ya yi babakere a kansa, kuma domin ta sa ido kan ingancin abin da za a sayar wa marasa lafiya. Ta ba kamfanin Eli Lilly da wasu kamfanoni a ƙasashe dabam-dabam izinin sarrafa shi. A 1925 tsofaffin ɗaliban Jami'ar Wisconsin suka kafa wata gidauniya don kula da binciken Harry Steenbock kan bitamin D, ana mayar da kuɗin da aka samu cikin sabon bincike.

Duk da haka, shekaru da yawa yawancin jami'o'i sun nisanci harkar. A Amurka, duk abin da aka gano da kuɗin gwamnati yakan zama mallakin gwamnati, har ta tara takardun mallaka kusan 28,000, waɗanda aka ba da lasisinsu kuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Kamfani ba zai zuba miliyoyi wajen gwajin magani ba muddin bai san wanda zai ci moriyarsa ba. A Disamban 1980 aka sanya hannu kan dokar da sanatoci biyu, Birch Bayh da Bob Dole, suka gabatar, wadda ta bar wa jami'o'i mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati, bisa sharaɗin su nemi a yi amfani da shi, su kuma ba mai binciken rabonsa. Daga nan ofisoshin lasisi suka yaɗu, ƙasashe da dama kuma suka kwaikwayi dokar.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna hanyoyi biyu. Stanley Cohen na Jami'ar Stanford da Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya sun gano dabarar yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa ta cikin wata. Jami'o'in ba su ba kamfani ɗaya ba. Sun buɗe ƙofa ga duk mai so a kan kuɗi mai sauƙi, kamfanoni sama da 450 suka karɓi lasisi, jami'o'in kuma suka sami fiye da dala miliyan 250 kafin wa'adin mallakar ya ƙare a 1997. Jami'ar Yale kuwa ta ba kamfanin Bristol-Myers Squibb shi kaɗai lasisin stavudine, maganin cutar ƙanjamau da malamanta suka gano amfaninsa. Ana ta mutuwa a Afirka ta Kudu, magani yana nan, amma talaka ba zai iya saya ba. Sai a 2001, bayan matsin lambar ɗaliban jami'ar da ƙungiyar likitoci ta MSF, aka sassauta, farashi ya faɗo zuwa kusan dala 55 a shekara.

Mu a ƙasar Hausa, wannan tarihi ya shigo gidajenmu ta ƙofar sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ta kashe kusan 25,000. A Nijeriya kaɗai, fiye da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, mafi yawansu a Arewa. Cikin wannan annoba ce kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, abin da ya kai ga shari'a ta shekaru, ya kuma bar tabon rashin yarda a zukatan iyaye. Rigakafin da ake da shi a lokacin ba ya daɗewa a jiki, ba ya kuma kare jarirai yadda ya kamata, shi ya sa sai cuta ta ɓarke ake fita da shi a guje.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar da sabon rigakafi, da tallafin dala miliyan 70 daga gidauniyar Bill da Melinda Gates, ƙarƙashin jagorancin Dakta Marc LaForce. Jami'an lafiya na Nijar da maƙwabtanta sun faɗa wa masu shirin ƙarara cewa allurar da ta wuce rabin dala ba za ta saye musu ba. Manyan kamfanoni ba su ga riba a wannan farashi ba. Mafita ta fito daga wani ɗakin bincike na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, inda Che-Hung Robert Lee da Carl Frasch suka ƙirƙiro hanyar ɗaure sukarin da ke lulluɓe da ƙwayar cutar da wani furotin, yadda jikin ƙaramin yaro zai gane ta ya kuma riƙa tuna ta. An ba PATH lasisin wannan dabara a kan sharuɗɗa masu sauƙi, aka koya wa ma'aikatan kamfanin Serum Institute na birnin Pune a Indiya yadda ake yi, kamfanin kuma ya amince da farashin tun kafin a fara.

Bayan gwaje-gwaje a Indiya da Mali da Gambiya da Senegal da Gana, an ƙaddamar da rigakafin, mai suna MenAfriVac, a Disamban 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, ana yi wa masu shekara 1 zuwa 29. Nijeriya ta fara a ƙarshen 2011, daga jihohin Arewa. A 2012 aka amince allurar za ta iya kwana huɗu a zafin da ya kai digiri 40 ba tare da ƙanƙara ba, abin da ya sauƙaƙa kai ta rugage da ƙauyukan da babu lantarki. Wani bincike a Chadi ya nuna cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi rigakafin. An yi wa mutum sama da miliyan 300, sanƙarau nau'in A, wanda allurar ke yaƙa, kuma ya kusa ɓacewa daga yankin. Da nau'in C ya ɓarke a Nijar a 2015, sannan a Zamfara da Sakkwato a 2017, an sake bin wannan hanya, har Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da rigakafin da ke yaƙar nau'i biyar a 2024.

Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 ma haka ya taso. Ƙungiyar Farfesa Adrian Hill a Jami'ar Oxford ta ƙirƙiro shi, jami'ar ta ba Serum Institute lasisi, Farfesa Halidou Tinto da abokan aikinsa suka gwada shi a Nanoro ta Burkina Faso. Hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta amince da shi a 2023, aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024.

Namu na gida yana da darasi mai ɗaci. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta yi aiki da wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ta samar da Niprisan don rage azabar amosanin jini, wato sikila. Cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da ganyen wani nau'in dawa. An yi masa rajistar mallaka a Amurka a 1998. A 2002 aka ba kamfanin Xechem shi kaɗai lasisi, ya fara sarrafa maganin a Abuja a 2006 da sunan Nicosan. A 2008 kamfanin ya durƙushe saboda bashi, a 2009 aka janye lasisin, iyayen yara masu sikila suka yi ta nema ba su samu ba. Sai a 2018 kamfanin May & Baker ya karɓi sabon lasisi. Binciken bai gaza ba, yarjejeniyar ce ta rataya komai a wuyan kamfani ɗaya ba tare da madadi ba.

Nijeriya tana da dokar mallakar fasaha tun 1970, hukumar NOTAP kuma ta fara buɗe ofisoshin lasisi a jami'o'i tun 2006. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Ke nan ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Abin da ake bukata daga Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni shi ne su yi wa bincikensu rajista kafin su wallafa shi, su fitar da jerin abin da suke da shi a fili, su kuma rubuta farashin talaka da wa'adin fara sarrafawa a cikin kowane lasisi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: kamfanin da ya karɓi lasisi ya kasa kai magani asibiti, a karɓe a ba wani. Masu maganin gargajiyar da suka ba da saninsu kuma a rubuta rabonsu tun ranar farko.