Ranar da Aka Zuba wa Tafkin Mead Taki

Wani mai karatu da ya ji labarin janyewar Tafkin Mead na Amurka, wanda a 2022 ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na cikarsa, ya rubuto yana tambaya yadda aka yi kifin teku ya zama abin da masu fatsa suka fi bi a tsakiyar hamadar Nevada da Arizona, alhali kuwa tsakanin wurin da bahar akwai tafiya mai nisa.

Shi wannan kifi, da ake kira bas mai zane saboda baƙaƙen layukan da suka ratsa gefensa, asalinsa na gaɓar Atilantika ne, kuma a kwaɗayi ɗan'uwan giwan ruwa ne. Tun 1879 wani masani, Livingston Stone, ya kai shi Kalifoniya cikin jirgin ƙasa. Amma sai da madatsar Santee-Cooper ta rutsa da wasu a Karolina ta Kudu, aka ga sun rayu har sun hayayyafa, sannan ya tabbata cewa ba dole sai da ruwan gishiri ba. A 1969 aka zuba shi a Mead, a 1974 kuma a Tafkin Powell, bisa zaton masana na cewa ƙwansa ba ya ƙyanƙyashewa sai cikin ruwa mai gudu, don haka adadinsa ba zai taɓa fin ƙarfin hukuma ba. Kifi bai san da wannan fatawa ba. Kafin 1973 ya fara haihuwa a Mead.

Shekarun farko na ni'ima ne. Da hantsi sai a ga fuskar ruwa tana tafasa, bas sun koro ƙananan kifin shad sama, tsuntsaye na shawagi, jirage na rige-rigen isa wurin. Daga bisani shad suka yi ƙaranci, masu fatsa suka riƙa jawo kifi mai ƙaton kai da ramammen jiki, daga nan kuwa saɓani ya tashi. Wasu suka ce bas ne ya cinye abincinsa da kansa. Larry Paulson na Jami'ar Nevada da ke Las Vegas ya kawo wata hujja dabam, cewa ruwan ne ya talauce, domin madatsar Glen Canyon, tun da aka rufe ta a 1963, ta tare laka mai sinadarin fosfaras da kogin Kolorado ya saba kawo wa Mead, ga shi kuma birnin Las Vegas ya fara tace wannan sinadari daga ruwan dattinsa, sai gansakuka ta ragu, ƙwarin ruwan da shad ke ci suka bi ta.

Paulson bai tsaya ga takarda ba. A watan Mayun 1987 jirage wajen 300 da 'yan sa kai kimanin 1,000 suka jeru a reshen tafkin da ake kira Overton, suna tafiya sannu a hankali suna tsiyaya galan 20,000 na ruwan takin zamani, a cikin tafkin da miliyoyin mutane ke sha daga gare shi, abin da bai yi wa hukumomin ruwa daɗi ba ko kaɗan. Ruwa ya yi kore na ɗan lokaci. An maimaita a 1988 da 1989, amma ba a samu ƙaruwar shad da za a iya kafa hujja da ita ba, sai aka daina.

A ganina Paulson ya gane wani ɓangare na illar, sai dai maganar mutanen farko ta fi rinjaye, domin mafarauci mai haihuwa ba ƙaƙƙautawa zai ƙarar da abincinsa ko ruwa na da ƙiba. Hukumomin Powell da alama haka suka fahimta, tun da suka cire iyakar kamu gaba ɗaya, mutum ya kwashi iya abin da ya samu. A Mead kuwa, wani nau'in shad mafi girma ya ɓulla a 2007 ba tare da hukuma ta zuba shi ba, ya ƙara wa bas abinci.