Zare: Yadda aljihun Faransawa ya shiga tukunyar Turawan Ingila

1/ Masu kallon bidiyon girki, kun sha jin an ce "poach the egg". Da yawanmu mun ɗauka tafasawa ake nufi. Ba haka ba ne fa, kuma tarihin kalmar ma ya fi girkin daɗi. Ku biyo ni.

2/ Poach shi ne a dafa abu mai laushi, kamar ƙwai ko kifi, cikin ruwan da ya yi zafi amma bai tafasa ba, wajen digiri 70 zuwa 80. Ruwa kuwa sai ya kai 100 yake tafasa. Ka bari ya yi ɓul-ɓul, ƙwan ya watse, ka yi asara.

3/ Asalinta Faransanci ne. Poche na nufin aljihu ko 'yar jaka. Idan ka fasa ƙwai cikin ruwan zafi, farin yana daskarewa ya lulluɓe gwaiduwar, kamar an sa ta a aljihu. Wanda ya fara wannan kwatancen kam ya iya kallo.

4/ To me ya kai ta Ingila? Yaƙi. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Sarki Harold a Hastings ya hau gadon sarauta. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu, talakawa na ta Ingilishinsu. Sai a 1362 aka yi dokar yin shari'a da Ingilishi.

5/ Madafar masu mulki ita ma da harshensu take magana. Boil, fry, stew duk daga Faransanci suka shigo. Saniyar da talaka ke kiwo cow ce, idan ta iso akushin mai sarauta ta zama beef.

6/ Wajen 1390 masu dafa wa Sarki Richard na Biyu abinci suka tattara littafin girki mai suna The Forme of Cury. A ciki akwai wani abinci, pochee: ƙwai da aka fasa cikin ruwan zafi, a zuba masa romon madara da gwaiduwa da citta.

7/ Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce seethe. Ita ce kalmar Ingilishi ta gado mai nufin tafasa, boil ta zo ta ture ta. Yau in ka ji seethe, yawanci mutum ne zuciyarsa ke tafarfasa don fushi.

8/ 'Yan jarrabawa, a kula: akwai wata poach ɗin mai nufin farauta ba bisa ƙa'ida ba, irin ta masu kashe giwaye don haure. Idan jimlar ta ambaci daji, ba ƙwai ake nufi ba.