Ƙasar Hausa a Zanen Turawan Farko

Hoton Kano da ya fi yaɗuwa a Ingila a ƙarni na sha tara shi ne wanda aka zana daga kan Dutsen Dala. Ya fito ne a littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, mai juzu'i biyar, wanda aka buga a Landan tsakanin 1857 da 1858. Barth Bajamushe ne, amma gwamnatin Ingila ce ta aiko shi. Ya shigo Kano a 1851, sa'an nan ya ratsa Gumel, babbar kasuwar kanwa a wancan zamani, a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa.

Sai dai kuma Barth zayyana kawai ya yi. Wanda ya ƙawata hoton domin bugawa shi ne Martin Bernatz, mai zanen da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Saboda haka hoton ya bi ta hannu biyu, kuma na biyun ya daidaita shi da idon mai sayen littafi a Turai.

Don haka wajibi ne manazarci ya gwada irin waɗannan hotuna da ganuwa, da kufai, da tarihin baka, kafin ya kafa hujja da su.